Gwangwanin Yaji

Kun san gwangwanin nan da ke saman kabad ɗin kicin, wanda nake ajiye yaji a ciki, mai hoton kofi cike da jan ruwa kumfa na zuba ta bakinsa. Ban san sau nawa kuka ce in jefar da shi ba. Usman har wasu kwalabe masu murfi ya sayo mini, wai sun fi tsabta. Na karɓa na yi godiya, na zuba kuka da daddawa a ciki, gwangwanina kuwa yana nan inda yake. Ke kuma babba, wadda ba na kiran sunanki, ina sane da ranar da kika dawo daga Islamiyya kika shige banɗaki kika kunna famfo don kada in ji kukanki, saboda wata yarinya ta ce miki uwarki giya take dafa wa Turawa. Ba ki tambaye ni ba, ni ma ban ce miki komai ba. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, kowannenku kuma ya san nauyin riƙe gida, bari in faɗa muku yadda aka yi, ba yadda kuka ji a bakin matan unguwarmu ta Tremont, nan Bronx, ba.

Shekarar da bayan babanku ya ƙi ce. Zaman tasi na shekara da shekaru ya sa ƙashin bayansa ya danne jijiya, har ya ajiye tuƙi. Sallah a kan kujera yake yi, safa ma ni nake sa masa. Likita ya ce sai an yi aiki, aka sa rana can ƙarshen shekara. A garin nan kuwa kun sani, ba a hawa gadon tiyata da fatan alheri, sai da inshorar lafiya, inshorar gidanmu kuma a wuyan aikina take rataye. Kula da tsofaffi nake yi a gidajensu, kuma sai na cika awannin da aka ɗibar mini kowane wata sannan inshorar take ɗorewa. In gida ya sallame ni, kafin kamfanin da ya ɗauke ni ya samo mini wani gidan, watan ya tafi, inshorar ta bi shi, ranar aikin babanku ta bi su. Da wannan tsoron nake kwana, da shi nake tashi.

Gidan da aka tura ni a unguwar Highbridge yake, can saman tudu, kafin ka kai ƙofa numfashinka ya ƙare. Mai gidan wani tsohon kafinta ne, Mista Frank, matarsa ta daɗe da rasuwa. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi a farkon shekarar, hannun dama ya mutu, baki ya karkace. Da Turanci muke magana, nasa a karye saboda ciwo, nawa a karye tun asali, sai muka zo daidai. Yana da 'ya ɗaya, Susan, tana zaune a tsallaken kogi, ranar Asabar take zuwa. Sauran kwanaki kuwa wata 'yar kyamara ta kafa a falo, tana kallonmu ta wayarta. Babbar matsalar tsohon ita ce ci. Ciwon ya taɓa masa maƙogwaro, abu tsinkakke ƙware shi yake yi, ko ruwan sha sai an zuba masa wani gari ya yi kauri. Ya tsani garin nan, ya tsani abincin da ake kawo masa, kullum nas ɗin da ke zuwa duba shi ta ɗora shi a sikeli sai ta girgiza kai. Na nemi izininta na fara dama masa kunun gero, tunda mai kauri ne. Sai ya sha cokali biyu don kara, ya kau da kai.

Akwai wani ɗan ɗaki a gidan cike da kaya: ƙatuwar tukunya, bokitai masu murfi, tiyo, kwalabe jere a kwali. Na ɗauka sana'ar manja ya taɓa yi. Wata rana ya sa na tura kekensa zuwa kicin, ya nuna mini can cikin firij, na ciro masa gwangwanin nan da kuka sani, an rufe shi da murfin roba. Ya rungume shi da hannun hagu kamar jinjiri.

"Rakiya, rabi ya rage," ya ce, yana jan kowace kalma. "Rabi na dafa, ciwo ya kama ni. Giya nake yi da shi. Duk shekara in sanyi ya kusa, ranar aurenmu, sai na dafa. Matata ce take juya tukunya. Bana hannuna ya mutu. Ke za ki zama hannuna."

Ku da kuka tashi a nan za ku ce, Mama, me ya hana ki ce a'a kawai? Ai kun saba, ni kaina kuna ce mini a'a kuna kallon tsakiyar idona. Mu ba haka aka rene mu ba. A gidanmu ba a ce wa tsoho a'a a fuskarsa, balle tsoho marar lafiya da ya kira sunan matarsa da ta rasu. Sai dai ka sunkuyar da kai ka ja masa rai har maganar ta mutu da kanta. Na ce masa sai mun gani, na mayar da gwangwanin, ina fatan kafin gobe ya manta. Bai manta ba. Da Asabar ta zo, Susan ta riƙe hannuna biyu tana murmushi.

"Baba ya ce za ki taimaka masa. Tun da ya kwanta ban ga abin da ya faranta masa rai irin wannan ba. Wadda ta gabace ki komai ya ce sai ta ce ba aikinta ba ne, shi ya sa muka canja ta."

Na yi murmushin yaƙe ni ma. Washegari da safe, bayan kun tafi Islamiyya, na zayyana wa babanku komai. Yana kwance a ƙasan falo, don nan ne kawai bayansa yake yarda da shi. Ko bari in kai aya bai yi ba.

"Ki ajiye musu aikinsu. Mai dafa ta da mai ɗaukarta da mai shanta duk sahu ɗaya aka sa su. Ba zan miƙe da baya a duniya ba ke ki tanƙware a lahira saboda ni."

"Malam, in na ajiye, aikin bayanka fa?"

"Allah na nan."

"Na sani. Shi ya ba ni aikin."

Ya yunƙura zai tashi ya ba ni amsa, ciwon ya mayar da shi, ya cije leɓe har idonsa ya kawo ruwa. Na zauna ina kallonsa. Na san gaskiya ya faɗa, hannuna ba zai juya tukunyar giya ba ko me za a yi. Na kuma san ba zan iya kallon mutumin nan ya ƙare rayuwarsa a ƙasan falo ba. Gaba kura, baya sayaki.

Ranar Litinin, Mista Frank na barci, na buɗe gwangwanin don in ga abokin gabata ido da ido. Na yi zaton warin giya zai buge ni. Sai na ga wani abu baƙi-baƙi mai danƙo kamar maɗi, ƙanshinsa kuwa sai da ya mayar da ni tsakar gidanmu. Ƙanshin tsiro ne. Haka ɗakin Inna yake yi in ta jiƙa dawa ta lulluɓe da buhu har ta tsira, ta shanya, a niƙa a yi kunun zaƙi. Da tsohon ya tashi na bugi cikinsa, na ce ya gaya mini yadda ake yi. Nan da nan fuskarsa ta washe. Ya ce tsiron sha'ir ne aka dafa aka tace har ya yi kauri. Sai a narka shi a ruwa a tafasa da wani ganye mai ɗaci, in ya huce a zuba yis a rufe, yis ɗin ne yake mayar da shi giya bayan makonni. Kafin yis, in ji shi, alewa ce kawai. Na sa babanku ya kira malaminsu ya tambaya, ba tare da ya faɗi dalili ba, malam ya ce tsiro ba giya ba ne, in ba haka ba da an hana kunun zaƙi.

A nan ne dabara ta zo mini, kuma a lokacin gani nake duk Bronx ba mai wayona. Abin da babu shi ai ba a dafa shi. In na zubar, na yi almubazzaranci, na kuma ci amana. In na tafi da shi gida, na zama ɓarauniya, sata kuwa a aikinmu ita ce ƙarshen mutum. Amma in na ba mai abu abinsa ya cinye, wa ya yi laifi? Kyamarar Susan falo take kallo, ba ta ganin kicin. Washegari na dama kunu, na yi bisimilla, na ɗebi cokali guda na maɗin nan na narka a ciki.

Da na kai masa cokalin farko, ya riƙe kunun a baki bai haɗiye ba. Ya ɗago ido ya dube ni. Wallahi a raina na ce shi ke nan, asiri ya tonu tun ba a je ko'ina ba. Sai ya haɗiye, ya sake buɗe baki. Ranar ya shanye kofin tas, har yana leƙa ciki.

Haka muka ci gaba. Kullum cokali ɗaya, wata rana biyu in na ga lokaci na ƙurewa. In na ɗiba sai in shafe saman da bayan cokali, kamar hakan zai hana a ga ya yi ƙasa. Tsoho ya fara murmurewa, kumatunsa suka fito, nas ta daina girgiza kai, har ta tambaye ni sunan abin da nake ba shi ta rubuta. Susan ta kawo mini gyale kyauta. Duk yabon da aka yi mini sai in ji kamar an soka mini allura, don na san abin da ke cikin firij. Shi yana ƙiba, ni ina ramewa. Ya sa na fito da tukunyar na wanke, na wanke, don wanke tukunya ba laifi ba ne. Ya sa na jera kwalabe, na jera. Kullum zai ce mini ranar ta kusa, ni kuma in ce Allah Ya kai mu, in koma kicin. A cikin jirgin ƙasa in zan dawo gida ina ta tsara abin da zan ce, ban taɓa samun wanda ya zauna mini ba.

Rana ba ta ƙarya. Asabar ɗin ta zo, Susan ta shigo da leda ɗauke da ganyen ɗacin da ƙullin yis, ta tura mahaifinta kicin, ta ciro gwangwanin. Tun daga yadda ta ɗaga shi na ga fuskarta ta canja. Ta buɗe, ta leƙa, ta karkata shi. Abin da ya rage bai fi a lashe da yatsa ba. Na jira ta dubi jakata. Ba ta duba ba, mahaifinta ta duba, muryarta ta yi laushi irin wadda ake yi wa yara.

"Baba, babu komai a ciki. Ka manta ne, ka gama da shi tun kafin ka kwanta. Ba komai, yanzu zan sayo wani."

Ta ciro wayarta ta danna, ta danna, ta ce jibi za a kawo sabo har ƙofa. Ku ji fa. Makonni ina lissafi irin na ƙauye, inda in rumbu ya ƙare sai a jira kaka, na manta ƙasar da nake, inda ake sayen komai da ɗan yatsa. An gudu ba a tsira ba. Ban gama haɗiye wannan ba ta ja ni gefe ta rage murya, ta ce mantuwar nan ta dame ta, za ta gaya wa likita, wataƙila lokaci ya yi da za a kai shi gidan tsofaffi. Na waiga. Mista Frank yana zaune da gwangwani a cinya, ni kawai yake kallo. Mutumin nan ƙwaƙwalwarsa garau take, ranar aurensa ma bai manta ba, ga shi dabarata za ta sa a raba shi da gidansa a matsayin wanda ya ruɗe. A nan kunyar da aka rene ni da ita ta ƙare.

"Susan, mahaifinki bai manta komai ba. Rabi ne ya rage, kamar yadda ya ce. Ni na riƙa zuba masa a kunu har ya ƙare. Sabon kuma in ya zo, ba zan dafa ba. Addinina ya hana ni yin giya. Tun farko ya kamata in faɗa, na kasa."

Fuskarta ta yi ja har kunne. Ta ce wato a ɓoye nake ba mahaifinta abin da likita bai sani ba, a gidansa, a bayan idonta. Ta ce ranar Litinin za ta kira kamfani. Tsohon ya buɗe baki zai yi magana, amma in ransa ya ɓaci harshensa sarƙewa yake yi, sai sauti kawai yake fita. Ta ce in ɗauki jakata in tafi. Ban san yadda na sauko tudun nan ba.

Ranar Lahadin nan ku ba za ku tuna ba, shinkafa da wake na dafa muku ta ƙone, Usman ya ce wari take yi na daka masa tsawa har ya yi kuka. Babanku da na gaya masa, sai ya ce alhamdulillahi da kika faɗa, ya juya fuskarsa bango. Na ajiye waya a gabana yini guda ina jiran kiran sallama, don ban yarda Susan za ta jira Litinin ba. Ba a kira ba. Ranar Litinin na shirya na tafi, don ba a ce kada in zo ba, ina hawa bene ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na sa makulli, ya buɗe. A bakin ƙofa ga wani kwali, na shiga da shi. Ma'aikaciyar da ke kwana da tsohon ta miƙa mini shi ta tafi. Mista Frank ya sa na buɗe kwalin na ɗora sabon gwangwanin a tebur, na tsaya a gabansa kamar mai jiran hukunci.

"Tun cokalin farko na sani," ya ce. "Tun kafin a haifi Susan nake lasar abin nan. Kin zaci ba zan gane shi a kunu ba?"

Ashe kifi na ganinka mai jar koma. Na ce to me ya sa bai yi magana ba.

"In na yi magana za ki daina."

Ya huta, ya goge bakinsa da hannun hagu. Ya ce shi da ruwa ma yake ƙware shi, ina shi ina shan giya? Ƙanshin yake so ya sake ji a gidan, irin na ranar da matarsa take tsaye a bakin tukunya, kuma kullum na dama kunu ƙanshin yana iso shi har falo. Sannan ya tambaye ni abin da ya hana ni ce masa a'a tun ranar farko.

"A garinmu ba a ce wa babba a'a."

"A garinmu a'a ta fi sai mun gani sauƙi," ya ce, karkataccen bakin nan yana ƙoƙarin dariya.

Na tambaye shi Susan fa. Ya ce ya gaya mata jiya da harshensa ya dawo, in ta canja ni, ita za ta zo ta riƙa ba shi abinci, shi kuma ba zai buɗe baki ba. Daga nan ya sa hannunsa mai lafiya ya turo mini sabon gwangwanin a hankali har ya zo gabana, ya faɗi kalmar Hausa ɗaya tilo da ya iya.

"Kunu."

Na ɗauka na shiga kicin, inda kyamara ba ta gani, na yi kukana na ƙoshi, sannan na ɗora ruwa. Nas ta duba abin da ke jikin gwangwanin ta ce a ci gaba, cokali ɗaya kawai. Susan ba ta ƙara riƙe hannuna ba har muka rabu, ban kuma ga laifinta ba, amma ba ta kira kamfani ba. Mista Frank ya ƙara shekara guda a gidansa, a kan gadonsa ya cika, ba a gidan tsofaffi ba.

Tsohon gwangwanin kuwa na roƙa aka ba ni, don ban taɓa iya ganin gwangwani mai murfi a shara ba, kun san halina. Na wanke na zuba yaji, ko tunanin hoton jikinsa ban yi ba. Sai wata rana Mma Memuna, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, wadda muke dama kunun buɗa baki na masallaci tare, ta shigo aron yaji ta ɗauko shi da kanta.

"Ei, Hajiya! Wannan ai hoton giya ne paa. A ina ka samu?"

Na ce a gidan aiki, ban ƙara komai ba. Abin da ya faru a gidan mutum amana ce, ga shi kuma lokacin ba a yi wa babanku aiki ba, ina tsoron duk maganar da za ta zaga ta koma kunnen kamfani. Kafin Juma'a labari ya yi ƙafa. Da azumi ya zo aka ce mini an samu masu dama kunu, in huta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, kuma ciwon da ya fi shi ne kukanki a banɗaki, ke babba. Daga baya da na samu damar yin bayani, zuciya ta hana ni. Na ce wadda ta san ni shekara da shekaru amma ta yarda da hoto, ba ta cancanci bayanina ba. Ku ne kuka cancanta, ga shi na yi muku.

An yi wa babanku aiki a ranar da aka sa. Bayan 'yan watanni, wata la'asar, ina kicin na ji ya ture kujerar sallarsa gefe. Na leƙo, na gan shi ya yi ruku'u, ya tafi ƙasa a hankali, goshinsa ya taɓa darduma a karon farko bayan fiye da shekara. Ya daɗe bai ɗago ba. Ina tsaye a ƙofa, hannuna riƙe da gwangwanin nan, don yaji na je ɗebowa. Shi ya sa in kun zo kwashe kayana bayan raina, ku raba zannuwa da tukwane yadda kuka ga dama, amma gwangwanin na babba ne. Ita ta yi masa kuka.